MUTUWAR HANNU BAYAN BUGUWA A WUYA: AMSA GA MASU SAURARO

A wannan shafi muke buga amsoshin wasiƙun da aka karanta a rediyo, domin wanda ya tafi gona ko kasuwa bai ji ba ya samu ya karanta, ko a karanta masa. A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu wuri ɗaya, domin ko da yake masu su ba su san juna ba, kukansu ɗaya ne.

Ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce mahaifinsa, dattijo mai shekara kusan 70, ya yi tuntuɓe da kunya a gona ya faɗi rub da ciki, haɓarsa ta daki ƙasa. Da aka ɗaga shi ƙafafunsa sun ɗauke shi da ƙyar, amma hannuwansa biyu sun mutu, ko cokali ba ya iya riƙewa, ga shi yana kukan tafin hannunsa na raɗaɗi kamar an zuba barkono. An kai shi wurin maɗori, ya lalluba bai sami karaya ba. An yi hoton ƙashi a gari, aka ce ƙashi lafiya lau. Yanzu mutanen ƙauye sun kasu biyu, wasu na cewa iska ce ta taɓa shi, wasu na cewa jifa ne.

Ta biyu kuwa daga wata Hajiya ce mai sayar da man gyaɗa a ƙasar Maraɗi. Ɗanta ɗan kabu-kabu ne. Babur ya kayar da shi wata biyu da suka wuce, ya sauka a kan kafaɗar dama, kansa ya lanƙwashe ɗaya gefen. Ƙujewar ta warke, amma hannun yana reto kamar tsumma, kuma ta lura idonsa na dama ya ƙanƙance. Tana tambaya ko ta ci gaba da shafe-shafen da ake yi masa ta jira ikon Allah.

To, malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Hajiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Ba a gane ciwo ta wasiƙa, sai an ga mutum an taɓa shi. Amma abin da kuka bayyana ya isa mu ce muku a kai su babban asibiti a cikin makon nan, kada a jira kaka. Ga dalili, kuma kai mai karatu ka saurara da kyau, domin faɗuwa daga amalanke ko rumbu ko bishiyar ɗorawa ba ta sallama kafin ta zo.

ABIN DA KE CIKIN WUYA

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, amma abubuwa uku take nufi. Akwai jijiyar jini, akwai jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi irin ta agara, sannan akwai jijiyar saƙo, watau wadda ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓa, ta kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Yawancin maganarmu ta yau a kan wannan ta ukun take.

Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, an jera su ɗaya kan ɗaya, kowanne da rami a tsakiya. Ta cikin wannan rami laka ta bi, kaurinta bai wuce ƙaramin yatsanka ba, kuma taushi gare ta kamar ɓargo. Duk wanda ya taɓa fiɗar rago ya gan ta. Daga lakar nan jijiyoyi ke fitowa dama da hagu ta tsakanin ƙasusuwan. Guda 5 daga cikinsu a kowane gefe su ne saiwoyin hannu. Suna fitowa daga ƙasan wuya, su sarƙe da juna kamar kitso a bayan ƙashin nan da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, su bi ta hammata su watsu har yatsu. Na sama suna ɗaga kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu, na tsakiya yana miƙe ta, na ƙasa kuwa su ke damƙa da buɗe yatsu. Bugu da ƙari, manyan jijiyoyin jini 4 ne ke bi ta wuya su kai wa ƙwaƙwalwa jini, biyu ta gaba inda kake jin bugu in ka ɗora yatsa, biyu kuma ta cikin wasu ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan.

Ka ga ke nan hannu na iya mutuwa alhali shi kansa hannun ko ƙwarzane ba shi da shi. Hoton ƙashi kuma ƙashi kaɗai yake nunawa. Ba ya nuna laka, ba ya nuna jijiya. Saboda haka in an ce maka hoto ya fito lafiya amma hannu bai motsi, magana ba ta ƙare ba.

Abin da aka fi gani shi ne guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya bulluƙo ya danne jijiya guda. Mutum zai ji zafi na sauka daga wuya zuwa wasu yatsu, hannu ɗaya ya yi rauni kaɗan, kuma da yawa suna samun sauƙi cikin makonni ba tare da tiyata ba. Amma akwai waɗansu da ba a cika gane su ba, su ne muke so ka sani. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka tambayi kanka: yaushe hannun ya mutu? Nan take ne, ko bayan kwana biyu, ko bayan makonni, ko bayan shekaru?

WANDA YA MUTU NAN TAKE

Malam na Funtuwa, labarin Baba ya yi kama da abin da likitoci ke kira raunin tsakiyar laka. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a Amurka mai suna Richard Schneider shi da abokan aikinsa suka bayyana shi a 1954. In mutum ya manyanta, ƙasusuwan wuyansa kan yi tsiro, ramin da laka ke bi ya ƙuntata, balle wanda ya shekara da shekaru yana ɗaukar kaya a ka. Yana nan yana harkokinsa bai sani ba. Ranar da ya faɗi ta gaba, goshi ko haɓa ya daki ƙasa, sai kai ya wullu baya, ramin ya ƙara tsukewa na ɗan lokaci ya matse lakar, kamar yadda ƙyaure ke datse yatsa ya sake shi. Ƙashi bai karye ba, amma laka ta ƙuje. Da yake daidai wurin ne saiwoyin hannu suke, kuma aikin yatsu ya fi kowane aiki dogara da hanyoyin da suka matsu, sai ka ga hannuwa sun fi ƙafafu mutuwa.

Alamominsa su ne hannu biyu su yi rauni, yatsu su fi shan wahala, tafin hannu ya riƙa ƙuna, tafiya ta zama ta tangaɗi. Wani in ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar minjirya ta ja shi tun daga ƙeya har gadon baya. Wani kuma fitsari ya ƙi fita. Wannan na fitsarin a kula da shi ƙwarai. In mara ta kumbura, ko fitsari na ɗiga ba da saninsa ba, a ranar za a tafi asibiti a sa masa roba, domin fitsarin da ya taru yana komawa ya lalata ƙoda.

Akwai abin farin ciki a nan. Da yawan masu wannan rauni suna samun sauƙi. Ƙafafu ke fara dawowa, sai riƙon fitsari, sai damtse, yatsu su ne na ƙarshe, kuma ga dattijai sau da yawa yatsun ba sa komawa kamar da. Wani abin wuya na asibiti da gashin ƙashi sun ishe shi, wani sai an yi tiyata an faɗaɗa ramin. Na'urar MRI ce ke nuna laka, ita za ta raba gardama. Kafin nan kada kowa ya ja wuyan Baba, kada a murɗa shi, kada a ce za a mayar da wani abu wurinsa. Lakar da ta ƙuje in aka sake matse ta, ƙafafun da suka tsira su ma za su tafi.

Hajiya ta Maraɗi, naki daban ne. In mutum ya sauka a kan kafaɗa, kai ya yi gefe guda kafaɗa ta yi gefe guda, kitson jijiyoyin nan da muka faɗa shi ke miƙewa fiye da kima. Hatsarin babur shi ne ya fi jawo wannan ga manya. In saiwoyin sama ne suka ji ciwo, kafaɗa ba ta ɗaguwa, gwiwar hannu ba ta lanƙwasuwa, amma yatsu na motsi. Wani likitan Jamus mai suna Wilhelm Erb ya bayyana wannan a 1874. In na ƙasa ne, kamar wanda ya zamo daga bishiyar mangwaro ya cafki reshe da hannu ɗaya nauyinsa ya fizge shi, sai ka ga kafaɗa lafiya amma yatsu sun mutu, daga baya su ƙanƙame. Wata likita a Faransa, Augusta Klumpke, ita ta bayyana wannan a 1885. In hatsarin ya yi muni, duka biyar ɗin suna tafiya, hannu ya yi ta reto.

Idon nan da kika lura da shi, kin yi kyan kai da kika faɗa. Akwai wasu siraran jijiyoyi da ke fitowa tare da saiwar ƙasa su hau zuwa ido. In fatar ido ta sauko kaɗan, baƙin tsakiyar idon ya fi na ɗayan ƙanƙanta, gefen fuskar ya daina gumi, ana kiran wannan alamar Horner, sunan wani likitan ido na ƙasar Siwizalan da ya bayyana ta a 1869. Ga wanda hannunsa ya mutu bayan hatsari, tana nuna cewa wataƙila saiwar ta tumɓuke ne daga jikin laka. Irin wannan kuma kan zo da raɗaɗi mai tsanani a hannun da ba ya jin taɓawa.

Ki riƙe wannan lissafi, Hajiya. Jijiyar da ta miƙe kawai ba ta tsinke ba tana farfaɗowa da kanta cikin makonni zuwa wata uku. Wadda ta tsinke aka ɗinke tana tsirowa ne kamar inci ɗaya a wata. Wadda ta tumɓuke daga laka ba ta komawa, sai dai likita ya aro wata jijiya mai rai, alal misali daga tsakanin haƙarƙari, ya jona ta. Ita kuma tsoka in ta zauna shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba saƙon da ke iso mata, ta bushe ke nan, ko jijiya ta iso daga baya ba za ta amsa ba. Shi ya sa masu wannan aiki suke son a yi tiyatar cikin wata 3 zuwa 6 bayan hatsari. Yaronki ya riga ya ci wata biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ku sami ganin likita, a rataye hannun da majanyi domin nauyinsa kada ya zare kafaɗa, kuma kullum a riƙa lanƙwasa masa yatsu da gwiwar hannu a hankali don kada su sandare. A nisanta shi da wuta da ruwan zafi, domin zai ƙone bai ji ba.

WANDA YA ZO BAYAN SA'O'I KO KWANAKI

Wannan shi ya fi yaudara, domin mutum zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi gida ana yi masa barka. Abubuwa biyu ne za ka sa wa ido.

Na farko, tsagewar jijiyar jini. Jijiyoyin nan 4 da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna da shimfiɗa a ciki. In wuya ya murɗe da ƙarfi, ko a kokawa, ko sa ya fizgi igiya, ko buhu ya zame daga ka, ko an shaƙe mutum, ko ma mai tausa ya ƙarya wuya don ya yi ƙara, shimfiɗar na iya tsagewa. Jini ya daskare a wurin, gudansa ya ɓalle ya tafi ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Abin da ke biyo baya shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan na cikin manyan dalilan da ke kawo ta ga matasa da waɗanda ba su kai 50 ba. Tana iya zuwa bayan 'yan sa'o'i, ko kwanaki, wani lokaci har mako biyu. Kafin ta zo takan aiko da ɗan aike: ciwon kai ko na wuya a gefe ɗaya irin wanda mutum bai saba ji ba, ido ɗaya ya ƙanƙance kamar yadda muka faɗa, jiri, gani biyu-biyu, ido ɗaya ya dushe na ɗan lokaci, ko jin bugun zuciya a cikin kunne. In hannu ya yi nauyi tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, ko da na minti biyar ne ya sake shi, kada ka ce ya wuce. Gargaɗi ne, a kama hanyar asibiti.

Na biyu, taruwar jini a kan laka. Wata ƙaramar jijiya ta fashe a cikin ramin ƙashin, jini ya yi ta taruwa a hankali yana danne laka. Mutum zai ji ciwo mai tsanani a ƙeya ko tsakanin kafaɗu, sannan hannu ya soma mutuwa, ƙafa ta bi, abin na ƙaruwa daga safe zuwa azahar. Ya fi samun masu shan maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya. Ba safai ake ganinsa ba, amma in an kwashe jinin cikin sa'o'in farko mutum na iya tashi da ƙafafunsa, in an kwana biyu ana shawara sai yadda hali ya yi.

Ka lura da wani abu a nan, mai karatu. Waɗannan biyun suna iya kama da juna a ido, amma maganinsu kishiyoyi ne. Na farkon ana ba shi maganin hana jini daskarewa, irin su asfirin. Na biyun in ka ba shi asfirin ka ƙara masa zubar jinin. Saboda haka kada ka je kyamis ka ce a haɗa maka, kada kuma maƙwabci ya ba ka ragowar nasa. Sai an yi hoto an ga wanne ne.

WANDA YA ZO BAYAN MAKONNI

Akwai wani ciwo da wasu likitocin Ingila biyu, Parsonage da Turner, suka bayyana a 1948 bayan sun duba mutum 136, yawancinsu sojoji. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta kumbura jijiyoyin kafaɗa, kuma takan taso ne bayan zazzaɓi, ko tiyata, ko haihuwa, ko aikin ƙarfi da ya wuce kima, ko buguwa wadda ba ta taka kara ta karya ba. Yadda yake zuwa shi ke tona shi. Mutum na barci sai azabar ciwon kafaɗa ta tashe shi, ciwon da ba ya jin magani, ya yi kwanaki ko makonni. Yana lafawa sai a ga hannu ba ya ɗaguwa, naman kafaɗa ya zube. In ya dafa bango ya tura, allon kafaɗarsa zai taso ta baya kamar fiffiken kaza. Yawanci ƙarfi na dawowa, amma a hankali, daga watanni har shekara biyu ko uku, wasu kuma ba ya dawowa duka. Abin da yake buƙata shi ne maganin ciwo daga likita da gashin ƙashi. Tsaga da ƙaho da lalas ba abin da za su ƙara masa sai tabo.

Maganar tsaga ta tuna mana da wata jijiya da ke kwance dab da fata a gefen wuya, wadda ke riƙe da tsokar da kake ɗage kafaɗa da ita. Yankan wuƙa ko lauje a wurin na iya tsinka ta, haka nan in an yi wa kaluluwar wuya sakiya ko an yanke ta. Ranar ba a gane komai. Bayan makonni sai kafaɗa ta zube ƙasa, ta riƙa ciwo, mutum ya kasa ɗaga hannu ya sa hula ko ya ɗora tulu a ka. Ita ma ana iya ɗinke ta in an je cikin watannin farko. Kumburin wuya dai a bar wa likita.

WANDA YA ZO BAYAN SHEKARU

Wani ya bugu a wuya tun yana saurayi, ya yi jinya ya warke, an manta. Bayan watanni ko shekaru masu yawa sai ruwa ya taru a tsakiyar lakar inda ta taɓa ƙujewa, ya yi kogo kamar na kara, kogon ya yi ta tsawo. Abin da ya fara ci shi ne hanyar jin zafi da sanyi. Sai ka ga mace ta sauke tukunya hannunta ya sale ba ta ji ba, amma in ƙuda ya sauka mata ta ji. Naman tafin hannu ya riƙa zubewa, riƙon fartanya ya gagara, tari ko atishawa ko yunƙuri ya riƙa tayar da ciwo a wuya da hannu. Tiyata tana iya tsayar da shi, amma abin da ya riga ya lalace da wuya ya dawo, shi ya sa ake son a gane shi da wuri.

A ƙasarmu irin wannan sai a ce kuturta ce, a soma gudun mutum. Gaskiya kuturta ma tana kashe jin hannu, amma ita takan zo da tabo mai haske ko ja-ja a fata wanda ba ya jin taɓawa, kuma jijiyar bayan gwiwar hannu kan yi kauri. Ko wacce ce daga ciki ba abin ɓoyewa ba ne. Kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayar da maganinta kyauta. Haka nan in ƙaramar faɗuwa ce ta jawo babban rauni ga mutumin da dama yana ramewa, yana gumin dare, wuyansa ya daɗe yana ciwo, a duba tarin fuka na ƙashi, domin yakan cinye ƙashin ta ciki, faɗuwar ta ƙarasa shi.

ABIN YI A WURIN HATSARI

Duk wanda ya faɗo daga sama, ko babur ya kayar da shi, ko kaya suka danne masa kai, in ya ce wuyansa na ciwo, ko hannu ko ƙafa ta mutu, ko yana jin tafiyar kiyashi a jiki, ko ya suma, ka ɗauka wuyansa ya karye har sai asibiti sun ce a'a. Kada a zaunar da shi, kada a ja hannunsa a ce ya tashi ya gwada. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu daidai da jiki. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare. A naɗe zane ko rawani a tokare kan dama da hagu, a ɗaure goshi da ƙirji da ƙugu a jikin katakon. In yana da hular kwano a bar ta, sai fa in ta hana shi numfashi. In amai ya zo, a karkata shi duk da katakon. Kada a ɗura masa ruwa ko fura. A sa shi a kwance a bayan a-kori-kura ko wata mota, kada a goya shi a babur. A riƙa duba numfashinsa a hanya, domin jijiyar da ke tafiyar da numfashi ita ma daga wuya take fitowa. Yara ma haka, don wuyansu na da laushi, laka kan ji ciwo ƙashi bai nuna komai ba.

ABIN DA ZA KA FAƊA WA LIKITA

Likita zai gode maka in ka zo da labari a tsare. Ka riƙe ranar faɗuwa da yadda aka faɗi, da ranar da hannu ya soma mutuwa. Hannu ɗaya ne ko biyu? Ƙafa fa? Ba tare da an motsa wuya ba, ka ce ya gwada ɗaga hannu gefe, ya kai hannu baki kamar mai cin tuwo, ya miƙe gwiwar hannu, ya damƙi yatsanka, ya buɗe yatsunsa, ka lura wanne ya gagara. Ka taɓa masa kofin ruwan randa da na ruwan ɗumi ka ji ko yana bambancewa. Ka dubi idanunsa biyu da bakinsa. Ka tambayi fitsari da bayan gida, kunya ba ta da wuri a nan. Ka tafi da duk magungunan da yake sha. Abin na ƙaruwa ne ko raguwa? In akwai mai waya a gida, a ɗauki hoton bidiyo na motsin hannun duk mako, zai nuna abin da baki ya manta.

In asibitin kusa ba su da na'ura, ka roƙi takardar turawa. Akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika ta Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Mutanen Nijar kuma su nemi a tura su babban asibiti, har Yamai in ta kama. Ka ce kana neman likitan laka da jijiyoyi.

Mun san abin da ke ranka, kuɗin mota da na hoto ba wasa ba ne, ga damina ga aikin gona. Amma ka yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Akuya biyu ko buhun masara da za ka sayar yau, ka auna su da hannun da zai riƙe garma shekara talatin masu zuwa. Maɗoranmu kuwa ba raina su muke ba, sun san ƙashi, sun gaji sana'ar. Sai dai laka da jijiya ba a lallubo su da yatsa, kuma maɗorin kirki in ya ga hannu ya mutu babu karaya shi da kansa zai ce a wuce gaba. A yi addu'a, a yi sadaka, a kuma kama hanya.

Malam na Funtuwa da Hajiya ta Maraɗi, muna jiran wasiƙarku ta biyu mu ji yadda kuka yi da likita. Sauran jama'a, mai hawa babur ya sa hular kwano, mai hawa bishiya ya dubi reshe, ɗan dako kada ya karɓi kayan da sai mutum uku sun ɗora masa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.